Tanbihi A Kan Magidanci Mai Neman Ilmin Hulɗar Ƙasashe A Ƙetare

 Akwai wata mas'ala da ta yawaita a zaurukan malamai da rumfunan kasuwa a wannan zamani. Ita ce mas'alar mutumin da ya kai shekara 35 ko 40, ya yi aiki shekara 10 ko 15 a ma'aikatar gwamnati ko hukumar kwastan ko gidan rediyo ko ƙungiyar agaji, yana da mata da 'ya'ya, sa'an nan ya tashi ya ce zai nemi gurbi a wata jami'a ta ƙasar waje domin ya yi digiri na biyu a kan ilmin hulɗar ƙasashe. Irin wannan mutum yakan zo wurin mahaifinsa ko malaminsa ko wansa mai dukiya yana neman shawara da albarka, wani lokaci har da gudummawa.

Mutane sun rabu biyu a kansa. Waɗansu suna yi masa dariya, suna cewa ya girma da zaman benci, ya tsaya ya riƙe gidansa. Waɗansu kuwa da sun ji an ambaci Ingila ko Amurka sai su ce a sayar da gona a tura shi, ba su tambayi abin da zai karanta ba, balle abin da zai komo da shi. Dukansu biyu sun yi gaggawa. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne a taimake shi, amma bisa sharaɗin ya tafi yadda farke yake tafiya: ya san hajar da ya ɗauka da wadda zai sayo, ya bar wa gida abinci, ya kuma ajiye ranar komowa.

Fasali na farko: mene ne wannan ilmi

Ilmin hulɗar ƙasashe shi ne sanin yadda dauloli suke zama da juna, watau hukuncin iyaka da yarjejeniya, da haƙƙin jakada da na baƙo, da ka'idojin fito da haraji, da rabon ruwan kogi, da yadda ake shiga yaƙi da yadda ake fita daga cikinsa. Turawa sun fara keɓe masa kujerar shaihin malami a garin Aberystwyth na ƙasar Wels a 1919, bayan sun ga irin ɓarnar da Yaƙin Duniya na Farko ya yi. Daga nan aka buɗe masa makaranta a Janiba ta ƙasar Suwizalan a 1927, aka buɗe makarantar Fletcher a Amurka a 1933, har ya zama da wuya a sami babbar jami'a da ba ta koyar da shi.

In mai karatu ya ce wannan zancen manya ne, ba ruwan mai sayar da gero da shi, to, ya tuna da abin da ya gani da idonsa. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Maigatari, kaya suka lalace a kan hanya, har sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga ƙungiyar, alhali ita ce ta kafa ka'idar zirga-zirga ba biza tun 1979. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. A 2002 Kotun Duniya da ke birnin Heg ta yanke hukunci a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, hukuncin da bai tsaya a Bakasi kaɗai ba, ya haɗa da ƙauyukan masunta na Tafkin Chadi, har da Darak.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura, waɗansu mutane ne suka zauna a ɗaki suka tsara shi a takarda. In babu wanda ya san hanyar Kano zuwa Maraɗi a cikin ɗakin, ko akwai shi amma bai iya harshen da ake rubuta yarjejeniya da shi ba, sai a yanke hukunci a kan kasuwar Dawanau ba a ji ta bakinta ba. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo.

Fasali na biyu: ba baƙon abu ba ne

Malamai ba sa bukatar a gaya musu cewa wannan fanni yana da asali a cikin littattafan da ke hannunsu. Imam Muhammadu Asshaibani, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a 805 bisa lissafin Miladiyya, ya wallafa littafin Siyar a kan hukunce-hukuncen sulhu da amana da alkawari tsakanin dauloli. Sarakunan Kanem sun gina wa ɗalibansu masauki a Alƙahira tun ƙarni na 13. Mai Idrisu Alauma na Borno ya aika da jakadu Santambul a shekarun 1570. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Laminu Alkanemi suka yi musanya suna nan ana karanta su, kowa yana kafa hujjarsa. A 1824 kuma Sarkin Musulmi Bello ya karɓi Baturen Ingila Kilabatan a Sakkwato, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila Joji na Huɗu a kan ciniki da aiko wakili.

Haka nan barin gida domin ilmi tsohuwar hanya ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya je Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Muhammadu Alkashinawi ya bar Katsina ya koyar a Alƙahira, can ya rasu a 1741. Kowane gardi ya san tafiya gabas domin tilawa. Saboda haka malamin da ya yarda almajirinsa ya yi shekara biyar a Borno ba shi da hujjar ƙin wannan tafiya don nisanta kawai. Abin tambaya shi ne fa'idarta da kuma haƙƙoƙin da za a bari a baya.

Fasali na uku: maganar shekaru

Gemu ba ya hana ilmi, wannan kowa ya sani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a wannan fanni gemu yana iya zama jari. Waɗansu manyan makarantu sun keɓe darasi na shekara ɗaya tak domin waɗanda suka daɗe suna aiki. Makarantar Kennedy ta jami'ar Harvard da makarantar harkokin jama'a ta jami'ar Princeton ba sa karɓar mutum a irin wannan darasi sai ya yi aiki aƙalla shekara 7. Tallafin Chevening, wanda gwamnatin Ingila ta fara bayarwa a 1983, yana neman shaidar aiki na shekara 2, watau awa 2,800, kuma bai sa iyakar shekarun haihuwa ba.

Ga kuma shaidu daga mutanen da duniya ta sani. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya daɗe yana koyarwa a Midil ta Bauci, sa'ad da ya tafi Landan karatu a 1945. Shi ne ya tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoban 1960, ranar da aka karɓi Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Kofi Annan na Gana ya kama aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya a 1962, sai bayan shekara 9 ya koma aji a Amurka ya karanta ilmin gudanarwa, daga baya ya shugabanci Majalisar daga 1997 zuwa 2006. Wanda ya gaje shi, Ban Ki-moon na Koriya ta Kudu, ya shiga ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa a 1970, bai karɓi digirinsa na Harvard ba sai 1985, yana da shekara 40 da ɗoriya. Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya ta karɓi nata a 1971 tana da 'ya'ya huɗu, ta kuma mulki ƙasarta daga 2006 zuwa 2018. Wannan na ƙarshe ya isa nuna cewa duk abin da ake faɗa a nan game da magidanci ya shafi uwargida ma'aikaciya, in an shirya lamarin gidanta da yardar juna.

Amma fa ba kowace ƙofa ce take buɗe wa babba ba. Tallafin gwamnatin Turkiyya na digiri na biyu na 'yan ƙasa da shekara 30 ne, na gwamnatin Japan da na Sin kuwa galibi na 'yan ƙasa da 35. Wanda ya wuce wannan kada ya ɓata wata uku yana cika takardun da ba za a duba ba, kada kuma ya rage shekarunsa. Ya nemi ƙofar da aka sara daidai tsawonsa.

Fasali na huɗu: takardun da ake nema

Takardun nema suna kama da abubuwan da malamai suka saba da su, sunaye ne kawai suka bambanta. Na farko shaidar digiri da takardar da ta jera darussa da makin da mutum ya ci, wannan ita ce ijazarsa. Mafi yawan manyan jami'o'in Ingila suna son digiri mai daraja ta biyu ta sama, ko da yake waɗansu sukan sassauta wa mai dogon aiki. Wanda ya bar jami'a shekara 15 da suka wuce ya fara neman wannan takarda da wuri, domin fitowarta daga tsohuwar makaranta takan ɗauki watanni. Mai babbar difloma ta kwalejin fasaha kuma ya tambayi kowace jami'a tun farko ko tana karɓarta ita kaɗai.

Na biyu masu shaida, mutum biyu ko uku, wannan shi ne isnadinsa. A nan magidanci yakan yi kuskure babba. Sai ya tafi wurin mai sarauta ko babban ɗan siyasa wanda bai san aikinsa ba, a rubuto masa layi huɗu na yabo. Masu tantancewa ba sa auna rawanin mai shaida, abin da ya gani suke aunawa. Shugaban ofis wanda zai iya cewa a shekara kaza wannan mutum ya sasanta rikici kaza, ga yadda ya yi, ya fi amfani nesa ba kusa ba. In da hali a haɗa da tsohon malamin jami'a guda ɗaya, a kai masa ziyara, a tuna masa da kai, a nuna masa abin da aka yi tun rabuwa.

Na uku jarrabawar harshe. Jarrabawar IELTS ana auna ta daga 0 zuwa 9, jami'o'i da yawa suna neman 6.5 ko 7, kuma sakamakonta shekara 2 kaɗai yake aiki. Waɗansu jami'o'in Ingila suna karɓar sakamakon Ingilishi na WAEC a madadinta. Waɗansu makarantun Amurka suna neman jarrabawar GRE, wadda take da lissafi a ciki, sakamakonta kuwa yana aiki shekara 5. Mutumin Damagaram ko Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci yana da hanyar Faransa da Beljiyam da Janiba. Wanda ya haɗa Hausa da Larabci da Ingilishi ko Faransanci kada ya raina abin da yake da shi, ya rubuta shi a fili: Larabci da Ingilishi da Faransanci suna cikin harsuna 6 na aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, Hausa kuwa ana ciniki da ita daga Kumasi har Sudan.

Na huɗu, wanda shi ne uwa uba, takardar bayanin niyya. A nan ake samu, a nan ake rasawa. Yaro ɗan shekara 23 yana iya rubuta cewa yana son zaman lafiya a duniya, a yi masa uzuri don ƙuruciya. Magidanci ba shi da wannan uzuri. Shi ana so ya zo da mas'ala guda ɗaya wadda aikinsa ya haɗa shi da ita, ta tsaya masa a rai. Ma'aikacin kwastan da ya yi shekaru a kan iyaka yana iya tambaya: me ya sa yarjejeniyar ciniki ta ƙasashen Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018 aka fara aiki da ita a 2021, ba ta rage wa mai buhu goma wahalar shinge ba? Ma'aikacin agaji na Maiduguri ko Difa yana iya tambaya a kan Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, da abin da ya hana ta kare masunta da makiyaya. Ma'aikacin hukumar alhazai yana da tasa tambayar a kan rabon kujeru da haƙƙin mahajjaci a ƙasar da ba tasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan sani shi ne abin da ɗalibin Landan ba shi da shi.

In mas'ala ta tsaya, sauran abubuwa sai su bi ta. Ita za ta nuna makarantar da ta dace, domin almajiri shehin fanni yake bi, ba ya bin girman gari. Mai mas'alar sulhu ya duba jami'ar Bradford, wadda ta buɗe sashen nazarin zaman lafiya a 1973, ko Uppsala ta ƙasar Suwidin. Mai mas'alar dokar ciniki ya duba Janiba, inda Ƙungiyar Ciniki ta Duniya take zaune. Mai mas'alar Afirka da ƙasashen Larabawa ya duba makarantar SOAS ta Landan, wadda aka kafa a 1916. Ya karanta sunayen malaman sashen, ya san abin da suka rubuta, ya ambata a takardarsa dalilin da ya sa yake son zama gabansu. Wanda kuwa aka tambaye shi mas'alarsa ya kasa faɗinta cikin jumla biyu da Hausa, to, tafiyarsa ba ta nuna ba tukuna.

Akwai dillalai masu karɓar kuɗi su rubuta wa mutum wannan takarda, akwai kuma masu sa na'ura ta rubuta musu. Ban da kasancewarsa algus, ciniki ne na hasara. Masu tantancewa suna karanta dubbai, sun san ƙamshin takardar haya. Masu bayar da tallafi irin Chevening kuma suna kiran mutum ya zauna gabansu a yi masa tambayoyi, a nan wanda bai rubuta da hannunsa ba yake kamuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekarar karatu a Turai da Amurka tana farawa wajen Satumba. Ana buɗe neman Chevening wajen Agustan shekarar da ta gabata, a rufe kafin ƙarshen kaka, kuma mutum zai zaɓi darussa uku. Manyan makarantun Amurka galibi suna rufewa tsakanin Disamba da Janairu. Ke nan mai niyya ya fara shiri da aƙalla shekara ɗaya da rabi, yana aikinsa yana karatun dare.

Fasali na biyar: guzuri da haƙƙin iyali

A nan ne fatake suka fi kowa iya ba da shawara, domin lissafi ne. Kuɗin makaranta a Ingila ga baƙo yakan kama daga wajen fam 15,000 zuwa sama da fam 30,000 a shekara. Ban da wannan, a Janairun 2025 hukumar Ingila ta sa ɗalibin da zai zauna Landan ya nuna fam 1,483 na kowane wata har wata 9, jimla fam 13,347, kuma kuɗin su kwana 28 a ajiya kafin a nemi biza. In an lissafa fam a kan naira 2,000, kamar yadda ya kai a ƙarshen 2024, wannan kaɗai ya haura naira miliyan 26. Akwai kuma kuɗin asibiti, wanda aka mayar fam 776 a shekara a 2024. Mafi yawan jami'o'in gwamnati na Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma a 2024 an sa ɗalibi ya ajiye yuro 11,904 na shekara a asusun da ba ya iya kwashewa gaba ɗaya.

Wanda zai biya daga aljihunsa ya tuna kuma da abin da ya sami naira. A Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a cika shekara ta haura 1,500. Ɗaliban da suka tafi da lissafin farko sai suka ga guzurinsu ya narke a hannu, har a 2024 wata jami'a a arewacin Ingila ta cire waɗansu 'yan Nijeriya daga rajista saboda bashin kuɗin makaranta. Saurayi in haka ta same shi ya komo ɗakin uwarsa. Magidanci kuwa in ya sayar da gida ko gona ya komo ba takarda, mutum goma ne suka faɗi tare da shi.

Saboda haka shawara ita ce magidanci ya sa ƙarfinsa a kan tallafi cikakke: Chevening, ko tallafin ƙasashen Kwamanwel wanda aka fara a 1959, ko na hukumar DAAD ta Jamus, ko na ƙungiyar Rotary ga masu aikin sulhu. In bai samu bana ba ya gyara takardarsa ya sake nema baɗi, wannan ba abin kunya ba ne. Bashi mai ruwa domin karatu, malamai sun san hukuncinsa, 'yan kasuwa kuma sun san yadda yake cin mai shi. Aron kuɗi a zuba a asusu don a nuna wa ofishin biza a mayar, ko yin takardar banki ta jabu, yaudara ce, kuma Ingila tana iya hana wanda ta kama da yaudara shiga ƙasarta har shekara 10. Gudummawar ɗan'uwa mai hali ta fi kyau ta tafi wajen kuɗin jarrabawa da fasfo da abincin gidan da za a bari.

Gama ciyar da iyali wajibi ne, wannan karatu kuwa bai kai wajibi a kan mutum ɗaya ba, kuma ba a barin wajibi domin abin da bai kai shi ba. Tun daga Janairun 2024 Ingila ta hana mafi yawan ɗaliban digiri na biyu na shekara ɗaya tafiya da iyalansu. Ke nan matar za ta zauna wata 12 ita kaɗai da yara. Dole a yi shawara da ita tun kafin a cika takarda ta farko, a ajiye mata abinci da kuɗin makarantar yara da na asibiti, a wakilta amintacce daga dangi, a nemi yardar iyaye in suna raye. Ma'aikacin gwamnati kuma ya nemi hutun karatu a rubuce, ya san ko da albashi ne ko babu, ya san shekarun da zai yi wa ma'aikatarsa aiki in ya komo. Kada ya ajiye aiki saboda takardar karɓa kawai, domin takardar karɓa daban, biza daban.

Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi. A Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasarta, a Disamban shekarar ta ƙara da Nijar, ta kuma dakatar da bizar ɗalibai ga 'yan Nijeriya. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa da sauyawar masu mulki, don haka kafin a biya ko kwabo na neman gurbi a tambayi ofishin jakadancin ƙasar halin da ake ciki, kuma kada a zuba dukan buri a ƙasa ɗaya. Abin lura ne cewa mai neman ilmin hulɗar ƙasashe darasinsa na farko a layin biza yake ɗaukarsa.

Fasali na shida: in an ce

In an ce, me ya sa ba zai yi karatun a gida ba, sai a ce wannan tambaya ce mai ƙarfi, kuma ga mutane da yawa gida ya fi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da wannan fanni. Akwai cibiyar nazarin harkokin duniya a Ikko tun 1961, da cibiyar Kuru kusa da Jos tun 1979. Ƙetare ma ba Turai kaɗai ba ce: Kamaru tana da makarantar hulɗar ƙasashe a Yawunde tun 1971, Gana tana da tata a Legon, jami'ar Makerere ta Yuganda kuma tana da cibiyar horar da masu aikin sulhu. Wanda ƙarin girma a ofis kawai yake nema, takardar gida ta ishe shi, da sauƙin kuɗi, yana kwana cikin iyalinsa. Abin da tafiya take ƙarawa shi ne zama aji ɗaya da mutanen ƙasa 30 ko 40 waɗanda gobe za a tarar da su a ɗaya gefen teburin shawara, da ganin yadda suke tunani, da manyan ɗakunan littattafai. In mas'alar mutum ba ta bukatar wannan, ya zauna.

In an ce masu tafiya ba sa komowa, sai a ce da gaskiya a ciki, kuma a nan ne uba da malami suke da ikon yin magana. Masu Chevening da kansu sun sharɗanta wa wanda suka ba ya koma ƙasarsa aƙalla shekara 2. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ibrahim Gambari na Ilori ya yi karatu a Landan da jami'ar Kolombiya ta Amurka, ya komo ya koyar a Zariya kafin ya zama ministan harkokin waje a 1984. Tijjani Muhammad-Bande na Zagga ya gama digirinsa na uku a Toronto ta ƙasar Kanada a 1987, ya yi shekaru yana koyarwa a Sakkwato, sa'an nan ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2019 zuwa 2020. Duka biyun ta gida suka bi suka isa inda suka isa.

In an ce takardar za ta mai da shi jakada, sai a ce kada a yi masa wannan alkawari. Ma'aikatun harkokin waje galibi samari suke ɗauka su rene su, kujerun ƙungiyoyin duniya kuma kaɗan ne, masu nema da yawa. Abin da ya fi tabbata shi ne mutum ya komo fagen da ya sani, kwastan ko jarida ko agaji ko ƙungiyar 'yan kasuwa, yana iya karanta yarjejeniya ya gane inda aka ɓoye tarko, yana iya rubuta koken masu fatauci da lafazin da za a saurara a Abuja da Yamai da Adis Ababa.

Hatima

To, in irin wannan mutum ya zo zaure ya durƙusa ya ce, Allah ya gafarta Malam, ga abin da nake nufi, ko ya zo rumfa ya ce, Alhaji, a taimaka, kada a yi masa dariya, kada kuma a yi saurin sa albarka. A tambaye shi mas'alar da zai kai da malamin da zai kai wa. A tambaye shi wanda zai biya, da abin da ya bar wa iyalinsa, da ko matarsa ta yarda. A tambaye shi ranar komowa da aikin da zai komo gare shi. In ya amsa da hujja, a yi masa addu'a, mai hali ya buɗe jaka, domin ranar da za a sake zancen rufe iyaka ana bukatar wanda ya san hanyar Jibiya ya kasance cikin ɗakin. In ya yi inda-inda, a ce masa ya koma ya ƙara shekara ɗaya yana shiri, ƙofar ba gudu take yi ba.

Allah ya ba mai nema sa'a, ya tsare na gida, ya komo da matafiyi lafiya. Haza wasalam.